Sa'adu Ya Tambaya, Mudi Ya Amsa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai wasu baitoci na Malam Sa'adu Zungur su tashi su shiga yawo a wayoyin mutane. Kusan kullum wuri ɗaya ake yankowa daga waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wato inda ya yi gargaɗin cewa 'yan Kudu za su hau dokin mulkin Nijeriya. Sai a liƙa hotonsa, a rubuta "Allah ya jiƙan maza, tun tuni ya faɗa", a tura wa na gaba. Abin yana ci mini rai. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare, waƙar nan tana cikin abin da nake koyarwa, kuma na san abin da aka yanke aka yar. Gargaɗin nan da sharaɗi ya zo. Kafin Malam ya ambaci mutumin Kudu, sai da ya jero mana laifuffukanmu ɗaya bayan ɗaya: yaran da muka saki suna bara kwararo-kwararo, karuwanci a garuruwanmu, roƙo da zaman banza, jahilcin da muka rungume. Ya ce muddin waɗannan suna nan, to kunya tana jiranmu, mulki kuma zai kuɓuce. Da mu yake faɗa. Wanda ya yanko ƙarshen maganar ya bar farkonta ya mai da waƙar tsawatarwa ta koma waƙar ƙabilanci, kuma wannan zalunci ne ga mamaci.

Ya kamata a tuna ko wane ne mutumin. Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai ne a Bauchi, ya sha karatun allo da na littattafai kafin ya je Kwalejin Katsina, daga can ya wuce babbar Kwalejin Yaba a Legas, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Ya koyar a makarantar tsabta a Zariya. Da ciwo ya mayar da shi gida, bai zauna ba. A 1943 yana cikin waɗanda suka riƙa zaman muhawara a Bauchi tare da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda matasan malamai ke yi wa Turawan mulki da hukumar En'e, wato hukumar gargajiya da ke hannun sarakuna, tambayoyin da ba a saba ji ba, har aka ga gara a rufe zaman. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, ya zauna a Legas a tsakiyar 'yan siyasar Kudu. Saboda haka in ya yi maganar Kudu, ba labari aka ba shi ba. Ya ga jaridunsu da lauyoyinsu da yawan makarantunsu, ya waiwayo ya dubi gida, hankalinsa ya tashi.

Lokacin kuma lokaci ne na yanke shawara. Tsarin mulkin Gwamna Richards ya riga ya raba ƙasar yanki uku. A taron Ibadan na farkon 1950 wakilan Arewa sun kafe a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, in ba haka ba a raba gari. Indiya ta sami 'yanci a 1947, kuma cikin ɗan lokaci sarakunanta, waɗanda suka yi zamansu a ƙarƙashin inuwar Ingila kamar namu, suka wayi gari ƙasashensu sun narke cikin sabuwar ƙasa. Nizam na Haidarabad, da duk dukiyarsa, soja aka tura masa a 1948. Malam Sa'adu yana bin waɗannan labarai, ya kuma nuna wa sarakunanmu Indiya da yatsa. Zaɓin da ya ɗora a gaban Arewa biyu ne: ko a yi jumhuriya a share sarauta, ko a riƙe sarauta amma a ɗaure ta da doka da majalisa da shawara, irin ta Ingila. Shi na biyun ya zaɓa. Tsoronsa shi ne in aka rushe sarauta alhali jama'a ba su da ilmin da za su riƙe ragamar da kansu, wasu ne za su riƙe musu.

Abin da ke burge ni har kullum shi ne wurin da ya kai wannan magana. Zancen tsarin mulki ne fa, irin wanda ake yi da Turanci a ɗakin taro a Kaduna ko Legas, a rubuta a takardar da talaka ba zai taɓa gani ba. Sai ga mutumin da ya iya Turancin nan fiye da yawancin masu zaman ɗakin ya ɗauko maganar ya zuba ta a ƙwar biyu, da amsa-amon "ya" tun daga farko har ƙarshe, yadda mai sauraro zai ji jumhuriya da mulukiya da Nijeriya da duniya da gaskiya suna ta faɗowa a wuri ɗaya har su zauna masa a ka. Hanyar ba baƙuwa ba ce. Da waƙa malaman jihadi suka karantar da mutanen ƙauye, da waƙa Nana Asma'u ta aika jajis ɗinta, wato matan da ta horar, su koyar da mata. Abin da Malam Sa'adu ya ƙara shi ne alamar tambaya. Waƙar wa'azi gaya maka take yi. Wannan kuwa ta shimfiɗa maka hanya biyu, ta kawo hujja, ta bar ka ka auna. Tela da mahauci da ɗan koli da almajiri, duk ta ɗauke su a matsayin mutanen da za a iya tambaya wane irin mulki suke so. A wurina nan dimokuraɗiyyar waƙar take, ko da amsar da mai ita ya bayar ta karkata ga sarauta.

Kuma da yake tambaya ce, sai aka sami mai amsawa. Mudi Sipikin, matashi ɗan Kano wanda shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, ya rubuta tasa ya sa mata suna Arewa Jumhuriya Kawai. Sunan ma ya isa. Yaro ne ya dubi babban malami, wanda ake jin nauyinsa, ya ce masa Malam ba haka ba ne, ya kuma faɗa masa da irin makamin da ya zo da shi. Mudi yana cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne abin da talaka ke gani kullum: haraji da jangali, aikin tilas, ɗan doka da dorina, kotun da mai ƙara da mai hukunci duk bakin fada ɗaya suke kallo. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ka ce masa ya yi haƙuri da sarauta saboda tsoron wani na Legas, me zai ce maka? Wanda ke taka shi a yau ya fi kusa da shi.

Ba ƙiyayya ce tsakaninsu ba, wannan ma abin lura ne. Malam Sa'adu shi ne wanda Malam Aminu Kano ke ɗauka a matsayin malaminsa a siyasa, kuma da 'yan NEPU ya ƙare rayuwarsa. Gardama ce ta 'yan gida ɗaya.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba, amma a bakinta na fara jin waƙoƙin Sawaba, wato na NEPU. Kakanmu tela ne, kekensa a zaure yake, kuma zauren nan da daddare majalisa yake komawa. Wani zai zo da takarda a naɗe cikin hula, an kwafo waƙa da ajami, a matso da fitilar kwai kusa, mai murya ya rera, sauran su riƙa karɓa a hankali don kada sauti ya fita titi. Iya tana bayan katanga tana tankaɗe ko tana kaɗi, tana ɗauka. Washegari a bakin turmi sai ta rera wa matan gidan. Wata rana aka zo aka tafi da kakanmu, ya yi watanni bai dawo ba, ita ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli. Na taɓa tambayarta, ina yarinya, "Iya, ke da ba kya fita, ina ruwanki da jam'iyya?" Ta ce, "Kishiyata, kunne ai ba ya kulle. Su suna da ƙuri'a, ni ina da waƙa. Kuma na fi rabinsu sanin abin da ake faɗa a kansa." Gaskiyarta. Matan Kudu sun yi zaɓe a 1959, matan Arewa ba su yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Sai a 1976 doka ta buɗe musu ƙofa. A 1979 Iya ta yafa mayafinta mai kyau, wanda take ajiyewa don biki, ta ce a raka ta ta je ta nemo mabuɗi, alamar PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Shekara ashirin da wani abu waƙa ta yi tana shirya ta kafin hukuma ta yarda ita ma 'yar ƙasa ce.

Dole waƙa ta ɗauki wannan nauyi, don sauran ƙofofin a rufe suke. Zaɓen 1951 ba kai tsaye aka yi shi ba, hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutanen a matakin sama. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma kafin a kai ƙarshe an tace ta tas. Lacca sai da izini, iznin kuwa a hannun waɗanda za a soka yake. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, amma mutum nawa ne ke karanta boko? Waƙa ita ce ba ta bukatar izini. A hadda take tafiya, cikin motar kasuwa, cikin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Jos inda su Gambo Hawaja suke nasu. Su ma 'yan NPC, jam'iyyar Sardauna, ba su zauna ba, suna da mawaƙansu, NPC na kiran Salama da alamar fartanya, NEPU na kiran Sawaba da alamar tauraro. Akwai zage-zage a ciki, ba na ɓoyewa, wasu baitocin ba za su karantu a aji ba. Amma a tsakiyar zagin akwai hujja, kuma mutane suna bin hujjar.

To ni a ina na tsaya? A kan amsa ina tare da Mudi. Ban yarda a ce wa mutane su jira sai sun yi ilmi kafin a ba su iko da kansu ba, domin mai riƙe da ikon shi ne zai yanke ranar da ilmin ya isa, kuma ba zai yi gaggawa ba. Amma a kan gano ciwo, Malam Sa'adu ya fi kowa. Ya gane cewa sunan tsari ba ya warkar da komai in yaro yana yawo da ƙoƙo a hannu. Tarihi ya gwada duka biyun. Abin da aka yi a Arewa kafin 1966 ya yi kama da mulukiyar da ya nema, ga Majalisar Wakilai ga Majalisar Sarakuna a Kaduna, har ta kai gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, abin da ya nuna inda iko ya koma. A shekarar ce kuma, ranar 1 ga Oktoba, Nijeriya ta zama jumhuriya. Soja suka zo suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, abin da mawaƙan NEPU suka yi shekaru suna kuka a kai. Mudi ya rayu ya ga duk wannan da idonsa. Malam Sa'adu kuwa ya rasu a 1958, ko tutar 'yanci bai gani ba. Amma fita ƙofar makarantarmu da ƙarfe biyu na rana ka ƙirga yaran da ke tsaye da robobi suna jiran ragowar abincin ɗalibai. Jumhuriyar ta zo, sharaɗin da ya gindaya yana nan inda ya bar shi.

Akwai wani abu kuma da ƙaunar Malam ba za ta hana ni faɗa ba. Ƙasar da ke cikin zuciyar waƙarsa Arewa ce, Arewar ma ta gadon Shehu Usmanu. Nijeriya a waƙar wuri ne da za a je a yi kunya ko a fita kunya, ba gida ba. Na fahimci dalili, don a 1950 Nijeriya ba ta kai shekara arba'in da haɗewa ba, kuma ba wanda ya tambayi kowa kafin a haɗa. Bayan 'yan shekaru ma, a 1953, da aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas kan maganar mulkin kai a 1956, jini ya zuba a Kano. Tsoron gaske ne. Sai dai Arewar da ya zana ba ta da wurin zaman kowa. Batibe da Birom da Bajju, da Sayawan da ke kudancin Bauchinsa, ina matsayinsu a ƙasar da aka gina a kan tutar jihadi? Su ma suna da nasu tarihin da sarautar nan, kuma ba mai daɗi ba ne duka. Ba mamaki da suka nemi nasu yankin na tsakiya. Jumhuriyar Mudi ta fi faɗi ta wannan fuska, domin talaka talaka ne ko wane yare yake ji, shi ya sa NEPU ta iya ƙawance da jam'iyyar Kudu. A 1967 aka yanka Jihar Arewa gida shida, ita kanta ƙasar da ake gardama a kanta ta daina zama abu ɗaya a taswira.

Wasu sun gwada faɗaɗa da'irar. Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta a Sakkwato, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san garuruwa da koguna da al'ummun ƙasarsu ta hanyar rerawa. Abubakar Ladan Zariya ya wuce nan ma, ya yi ta haɗa kan Afirka gaba ɗaya. Ina son su, ina koyar da su, amma ba sa tayar mini da tsikar jiki kamar gardamar Sa'adu da Mudi. Waƙar da ke lissafa abin da muka mallaka tana da amfani. Wadda ke faɗa a kan yadda za mu zauna da juna ta fi shiga jiki, don ba ka jayayya a kan gidan da ba ka ɗauka naka ba.

Bara na raba ajina biyu, rabi su kare Sa'adu, rabi su kare Mudi. Wata yarinya mai shiru-shiru, wadda ke zama a layin baya kusa da taga, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, su biyun duk maza suke tambaya ko? To mu wa ya tambaye mu?" Ajin ya yi tsit, sannan ya kaure. Wani yaro ya ce ai a lokacin haka zamani yake. Ta ce masa ai shi ma Mudi a lokacinsa haka zamani yake, bai hana shi amsawa ba. Na ce mata ta rubuta tata. Bayan mako ta kawo mini baitoci goma sha biyu a takardar da ta yago daga tsakiyar littafin lissafi, karin yana ɗingishi a wurare, amma ta riƙe amsa-amonta har ƙarshe, kuma ta tambayi abin da ya sa ake neman ƙuri'ar uwarta da atamfa da sabulu amma ba a neman shawararta. Na gyara mata ɗango biyu, sauran na bar mata yadda suke.

Wannan ne nake nema a waƙoƙin siyasar yau ina rasawa. Ba a taɓa yin su da yawa kamar yanzu ba, ga situdiyo ga kiɗan fiyano, waƙa ta fito da safe kafin azahar ta kai Agadas. Akwai masu fasaha ƙwarai a cikinsu, ba na raina musu. Amma saurari abin da ake faɗa: wane ya fi wane, wane ɗan gidan wane ne, wane ya sha ƙasa. Sunan ɗan takara ne amshi. In an sauya mai biya, sai a sauya sunan a bar kiɗan. Ba a tambayar mai sauraro komai, rawa kawai ake so ya taka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne roƙo yana cikin cututtukan da Malam Sa'adu ya lissafa, ga shi yau roƙon ne ya gaje kujerar waƙar siyasa. Mawaƙan NEPU gidan yari waƙa take kai su, ba gidan gwamnati ba.

Ita ma waƙar da hukuma ta ce ita ce ta ƙasa, dubi halin da take ciki. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken Nijeriya na 1960, wanda wata Baturiyar Ingila ta rubuta, aka ajiye wanda ake yi tun 1978, cikin 'yan kwanaki, ba tare da an zagaya an ji bakin jama'a ba. Kowace safiya ina tsaye a filin taro ina kallon ɗalibaina suna jan kalmomin Turancin da yawancinsu ba su san ma'anarsu ba. Baitin Malam Sa'adu na faɗin gaskiya komai za ta jawo maka kuwa, ba dokar da ta ce a haddace shi, amma direban da ke kawo ni makaranta ya san shi, mai sayar mini da kayan miya ma ta san shi.

Abin da nake roƙon masu buga littattafai da sassan Hausa na jami'o'inmu, har da jami'ar jihar Bauchi da yanzu take ɗauke da sunan Malam, shi ne su haɗa waƙoƙin nan biyu a ɗan littafi guda mai araha, ta Sa'adu cikakkiya ba yanke, ta Mudi a gefenta, da ɗan bayanin shekarun da aka yi su. Ta Sa'adu ana samunta. Ta Mudi kuwa sai an sha wuya, ni kaina kwafin hoto nake amfani da shi wanda wasu layukan suka dushe, in na zo wurin sai in rubuta wa yara a allo.